Alhaji Osaka Ba Ya Son Hoto

Duk wanda ya ce Allah bai yi wa Hausawan Paris gata ba, to bai taɓa zama kusa da Malam Abdoul Razak ba. Mutum ne wanda in ya shigo ɗaki sai ka ji ɗakin ya cika, ko da kuwa shi kaɗai ne a ciki. Ɗan Damagaram ne, ma'aikaci a wata babbar ƙungiya ta duniya mai buro, wato ofis, a Paris, inda aikinsa, a faɗarsa, shi ne daidaita al'adun nahiyoyi. 'Yan baƙin ciki sun ce takardu yake kaiwa daga wannan hawa zuwa wancan. Mu dai ba ma biye wa 'yan baƙin ciki.

Ɗaukakarsa daga ciwon haƙori ta samo asali. Shugaban sashensu ne zai je wani taro a Osaka, can ƙasar Japan, sai haƙori ya kumbura masa kunci ana gobe tafiya. Aka duba hagu aka duba dama, aka rasa wanda takardunsa suka cika sai Abdoul Razak. Ya je ya yi 'yan kwanakin da ba su cika mako ba. Ranar da zai dawo, ruwan sama ya kora shi wata unguwa inda ake baje kolin zanen bango. Masu zane sun bi gidaje da shaguna da ƙarƙashin gada sun zuba fenti da izinin hukuma, jama'a na bi suna kallo shiru kamar masu gaisuwar rasuwa. Ya fake a ƙofar wani shago har ruwan ya ɗauke. To, wannan fakewar ita ce digirinsa.

Tun daga nan mutanen Barbès, unguwar da 'yan ƙasa ke haɗuwa a Paris, ba su sake samun sakat ba. Kowace Asabar yana shagon Daouda mai sayar da salula, gab da gadar jirgin metro, ya harɗe ƙafa a kujerar da aka ajiye don masu saye.

"Ku dubi wancan," zai ce, yana nuna rubuce-rubucen fentin da samari suka yi a ginshiƙin gada. "Franchement, ƙazanta ce. A Osaka ba a yi wa bango ihu, lallaɓa shi ake yi. Bajapane kafin ya taɓa bango sai ya gaishe shi. Mu da muka zauna da mutanen, mun sani."

"Kun daɗe tare, Malam?" in ji Daouda, yana goge gilashin wata waya.

"Kai kwana kake ƙirgawa, Daouda. Ni maganar zurfi nake yi."

Daouda ne ya laƙa masa suna Alhaji Osaka, don ya ce tunda yake bai taɓa ganin wanda ya je wuri ya dawo da tsaraba a baki kamar haka ba sai alhazai. Bawan Allah ya karɓi sunan hannu biyu, har yana amsawa da "na'am". Ya koma rusuna wa kowa, har mai sayar da barkono a kasuwar ƙarƙashin gada. Ya sayi tsinke biyu irin na cin abincin Japan ya ce da su zai riƙa cin tuwo, ya kuwa jure har ranar da aka kawo miyar kuɓewa. Ita ce kaɗai ta taɓa yin galaba a kansa.

Amma babbar baiwarsa ita ce fuska. Allah ya ba shi fuska, shi kuma ba marowaci ba ne, bai taɓa hana jama'a ganinta ba. In ana suna, yana tsakiyar hoto. In ana taron 'yan ƙasa, yana tsakiyar hoto. Akwai wani biki a Clichy-sous-Bois da har yau dangin amarya a Maraɗi suke zaton shi ne ango, don angon na gaskiya kunnensa kawai ya fito.

Ana nan, sai ga waya daga Bron, can gefen birnin Lyon. Mounira ce, 'yar Gwaggo Hamdiya ƙanwar mahaifinsa, wato taubashiyarsa, wadda al'ada ta ba izinin tsokanarsa har ƙarshen rayuwa. Harshen Japan take karantawa a jami'a, abin da Alhaji Osaka ya ɗauka shisshigi ne a gonarsa.

"Yaya Razak, ina kwana, ina gajiya, bon, saurara. Wata mai zanen bango ta zo daga Osaka, sunanta Madam Kiyomi. Za ta zana mutanen unguwarmu a dogon ginin nan na bakin tashar tiram, kuma za a nuna hoton bangon a baje kolinsu na can. Ni nake yi mata tafinta. Tana neman fuska ɗaya ta tsakiya, wanda ya san nan ya san can. Inna ta ce in gaya maka."

Alhaji Osaka ya ce zai duba ko yana da sarari. Kafin la'asar duk Barbès ta ji. Kafin magariba Damagaram ta ji, da ƙarin bayanin cewa takanas aka aiko daga Japan a zana shi, tsawon gini guda, daga hula har takalmi. 'Yan ƙasa na Paris suka ce za su yi hayar bas ranar buɗewa, Daouda ya ce shi kujerar gaba zai zauna don kada komai ya wuce shi. Magana fa ta fita ke nan. Ko dai fuskar nan ta hau bango, ko mai ita ya daina bi ta Barbès.

Ya ɗauki hutu, ya yi aski, ya cika akwati da manyan riguna, ya hau jirgin ƙasa zuwa Lyon, daga nan ya kama tiram, ƙaramin jirgin cikin gari, zuwa Bron. A falon Gwaggo Hamdiya ya tarar da baƙuwar, 'yar ƙaramar mace mai ɗan furfura, da fenti a farcenta. Ta miƙe ta rusuna masa. Shi ma ya rusuna, ya ɗan fi ta. Ta ƙara yin ƙasa. Ina! Shi da ya koya wa Paris rusunawa za a fi shi a gidan gwaggonsa? Ya durƙusa. Baiwar Allah ta firgita ta zube kan gwiwoyinta. Haka Gwaggo ta fito daga kicin da tire ta same su biyu a ƙasa, goshi na neman kafet.

"Allura ta faɗi?" ta tambaya.

Da aka zauna, ya yi jawabi da Faransanci kan 'yan'uwantakar da ke tsakanin bangon Birnin Damagaram da bangon Osaka, har shayi ya huce aka sake ɗumamawa. Madam Kiyomi ta saurara da ladabi. Sa'an nan ta haɗa tafukanta ta yi magana a hankali, Mounira ta fassara: tana roƙon alfarma, ko zai yarda fuskarsa ta zama ta tsakiyar bango.

Abin da ya kawo shi ke nan. Amma a nan fa sai an yi wa mai karatu bayani, don kada ya zaci Alhaji Osaka ƙaramin mutum ne. A gidan da ya tashi, babban mutum ba ya karɓar abu tun tayin farko. Ko kujera ce, ko ƙafar kaza, ko sarautar unguwa, sai ka ƙi. A sake tayi, ka sake ƙi, da ƙarfi ma fiye da na farko. Sai an matsa, an haɗa ka da Allah da iyaye, sa'an nan ka yi ajiyar zuciya ka ce, "To, don darajarku." Haka ya ga mahaifinsa na yi, haka baffanninsa, kuma ba a taɓa barin ɗayansu da yunwa ba, don kowa a garin ya san dokar wasan.

Saboda haka ya dafe ƙirji.

"Ni? Subhanallahi! Madam, ni wane ne? Ni ba kowa ba ne. Wannan fuskar ko bangon kicin ba ta cancanta ba. Ina roƙonki ki rufa mini asiri, kada ki sa ni. In na ga kaina a bango, wallahi kunya za ta kashe ni."

Ya jingina, ya gyara zaman hula, yana jiran zagaye na biyu. Mounira ta dube shi ta gefen ido. Ta san dokar wasan sarai, amma ita an ɗauke ta tafinta ne, kuma ba ta manta ranar da ya gyara mata yadda ake furta gaisuwar Japan a gaban ƙawayenta ba. Ta fassara komai tsaf, har da kunyar da za ta kashe shi.

Fuskar Madam Kiyomi ta canza. Ta ja iska ta tsakanin haƙora, ta sunkuyar da kai, ta shiga ba shi haƙuri. Mounira ta ce tana cewa ta yi rashin hankali da ta ɗora masa nauyi irin wannan, kuma a wurinsu in mutum ya faɗi haka, sake tambayarsa cin fuska ne. Daga nan ta juya wurin Gwaggo ta yi mata tayi.

"Ni? Sa ni mana, 'yar nan!" in ji Gwaggo. "Amma da kallabina mai ruwan goro, kuma ki ɗan rage mini kumatu."

Alhaji Osaka ya kalli gwaggonsa da takaici. Zaman Turai ya lalata tsohuwar nan, tayi ɗaya ta cafke. Ya tsaya har aka kwashe kofuna, ba wanda ya sake yi masa tayi.

Washegari aka kafa ƙarafan hawa a jikin ginin, aiki ya kankama. Alhaji Osaka ya gano cewa likita ya taɓa ba shi shawarar yawan tafiya a ƙasa, kuma duk faɗin Bron ba inda iska ta fi kyau kamar gindin bangon nan. Da safe ya bi ta wurin cikin farar shadda. Da rana ya dawo cikin shuɗiya. Yakan tsaya daidai inda haske ke faɗowa, ya juya gefen fuskarsa na dama, wanda ya fi kyau, ya ƙura wa sararin sama ido kamar mai duban wata. In ba a lura ba ya yi tari.

Ana lura kuwa. Da zarar Madam Kiyomi ta hango shi, sai ta yi maza ta kifa allon da take zane a kai, ta juya masa baya, ta yi wa mai ɗaukar mata hoto alama ya sauke na'urarsa har bawan Allah ya wuce. Irin kulawar da ake masa ke nan. Matar da ke tuƙa tiram ta tsaya an zana ta. Tsohon da ke sayar da burodi an zana shi. Yara 'yan makaranta sun yi layi. Shi kuwa da ya san nan ya san can, ƙeyar mai zane kawai yake gani.

Ya gwada Mounira ta bayan fage. "Ashe mutanen nan ba su da naci," ya ce, yana kallon silin.

"Ai kai ka zauna da su, Yaya. Kai za ka gaya mini."

Gwaggo ce ta ji tausayinsa, don ko ba komai ɗan yayanta ne, kuma ta gaji da wankin shadda. Ta ja Madam Kiyomi gefe, ta sa Mounira ta gaya mata ta daure ta sake tambayarsa, ita ta ɗauki alhakin. Baƙuwar ta yi ta jinjina abin, da ƙyar ta yarda. Da yamma, 'yan unguwa sun taru suna kallon aiki, ta sauko daga kan ƙarafa, ta cire safar hannu, ta zo gabansa. Ta sake roƙo.

Jama'a, ga ƙofa a buɗe! Kalma ɗaya ta rage. Gwaggo tana bayan baƙuwar tana gyaɗa masa kai har kallabi na zamewa. Amma Alhaji Osaka ya yi lissafi: wannan na biyu ne. Wa ya taɓa sallamawa a na biyu? Ga kuma taro, ga ido. Dama ya riga ya shirya ajiyar zuciyar da zai yi a na uku, ya gwada ta a gaban madubin banɗakin Gwaggo har ta zauna daidai. Ya ɗaga hannu biyu sama.

"Haba Madam! Haba! Me na yi miki? Ba na ce ki rufa mini asiri ba? Ku taya ni roƙonta, jama'a! Ni mutum ne mai son ɓuya. Ko inuwata ba na so a gani. In kina girmama ni, ki bar ni a inda Allah ya ajiye ni, a bayan kowa!"

Ya yi kyau ƙwarai, har wata tsohuwa Balarabiya ta ce masha Allah. Mounira ta fassara, wannan karon har da ɗaga hannu. Idanun Madam Kiyomi suka ciko da hawaye. Ta rusuna ta daɗe ba ta ɗago ba, ta yi alkawari da girman iyayenta cewa bakinta ba zai sake furta wannan roƙo ba har abada. Ta koma ta hau ƙarafanta tana share ido.

Alhaji Osaka ya waiga wurin Gwaggo, yana jiran ta haɗa shi da Allah da iyaye. Gwaggo ta kakkaɓe zaninta.

"Na yi nawa," ta ce, ta tafi ɗora tukunya.

Hutu ya ƙare, ya koma Paris. Aka rufe bangon da tamfol don kada a gani sai ranar buɗewa. Da farko tsoro ya hana shi cin abinci, amma mai hankali irinsa ba ya daɗewa cikin damuwa. Ya tuna hawayen matar, ya tuna yadda ta dube shi da girmamawa. Ai magana a fili take: mamaki za ta ba shi! Wace mai zane ce za ta ga fuska irin wannan a hasken safe da na rana ta iya mantawa? Da wannan ya koma shagon Daouda, ya ce wa masu saye su tanadi wuyansu, don sai sun ɗaga kai sosai kafin su kai ga hularsa.

Ranar buɗewa bas ta iso Bron da azahar cike da 'yan ƙasa, mata sun sha lalle, maza sun sha guga. Alhaji Osaka ya sauko ƙarshe cikin babbar riga mai aiki har gwiwa. An jera kujeru, ga wata mata daga ofishin magajin gari, ga 'yan jarida. Aka ja igiya, tamfol ya zube.

Kai, bango ya yi kyau, ba ƙarya. Ga Gwaggo Hamdiya can sama da kallabi mai ruwan goro, kumatu daidai misali. Ga Mounira tana murmushin mugunta. Ga mai tiram, ga mai burodi, ga yara, ga kyanwar mai gadin ginin. Can gefen dama kuwa, baki har kunne, ga Daouda! Ashe ya zo Lyon sarin kaya ya biya gaida Gwaggo, aka yi masa tayi, ya ce d'accord tun kafin a gama fassara.

A tsakiya kuma, inda duk fuskokin suka juyo suna kallo, ba komai. Siminti ne tsirara, an bar shi da siffar mutum mai hula da babbar riga, tun daga ƙasa har kusa da rufi.

Madam Kiyomi ta karɓi lasifika, Mounira na fassarawa da murya mai daɗi. Ta ce ta zana bango a garuruwa da yawa, kowa so yake a gan shi, sai a nan ta haɗu da mutumin da ya roƙe ta har sau biyu a bar shi a ɓoye. Ta ce wurinsa ne wancan, ta bar shi yadda ya nema, kuma haka za a nuna shi a Osaka, ba fuska ba suna. Aka ɗauki tafi. Mutanen Barbès, waɗanda suka san dokar wasan tun suna goye, su suka fi kowa tafi, wasu har da riƙe ciki.

"Allahu akbar, tawali'u!" in ji Daouda, yana girgiza masa hannu. "Shekara da shekaru muna tare, Alhaji, ba mu sani ba. Ka yafe mana. Daga yau ba mai sake takura maka."

Ba a kuwa sake takura masa ba. Matar ofishin magajin gari ta nufo shi da lasifika, Mounira ta raɗa mata wani abu, ta ba shi haƙuri ta juya. Wani ɗalibi ya ɗauke kujerarsa daga layin gaba ya kai masa ita bayan bishiya, inda ido ba zai dame shi ba. Jawabin da ya kwana biyu yana haddacewa ya tafi a banza. Ransa ya ɓaci, ya ji kamar ya zauna a ƙasa ya yi kuka, ga shi kuma dole ya riƙa murmushi yana cewa ba komai.

Sai aka kira hoton taro a gindin bango. Nan ya ga sauran dama guda: in ya tsaya daidai ƙarƙashin simintin nan, ko makaho zai gane wurin wane ne. Ya tattara rigarsa ya kutsa tsakiya. Madam Kiyomi ta hango shi, ta zaci turmutsutsu ne ya tura shi gaban na'ura. Ta rugo da gudu, ta buɗe lema ta kare masa fuska, tana ba shi haƙuri tana ja da shi a hankali, har ta fitar da shi can gaban taron, kusa da masu ɗaukar hoto, ta rusuna ta koma layi.

Yana tsaye a wurin, Gwaggo ta miƙo masa wayarta.

"Ungo, Razaki. Kai da ba ka son hoto, ɗauke mu. Ka ja baya sosai, kyanwar ma ta fito."

Ya ja baya. Ya ɗauka. Hoton ya fito tas, shi ne ma aka aika Damagaram a ranar, ya zaga gida-gida. Ko sunan wanda ya ɗauka ba a faɗa ba, don kada a ɓata masa rai.